Kunne Na Bakwai Ya Yi Shiru

Da safiyar Alhamis Dinka Pavlinović ta rarrafa cikin tumbin jirgin ruwa Lastavica, ta kai haƙarƙari na goma sha huɗu, ta haska tocila, ta nemi tsagarta ta rasa.

Shekara biyu tana bin wannan tsaga. Sana'arta ke nan, bin sawun gajiyar ƙarfe. Jirgin alminiyum ne, kuma duk taguwar da ta buge shi sai ta lanƙwasa jikinsa kaɗan ta sake, sau dubu nawa a yini, har wata rana ƙarfen ya gaji ya buɗe baki siriri kamar gashi. Dinka ta san wannan tsaga tun tana tsawon farce. A watan Yuni ta auna ta, ta kai tsawon ɗan yatsa, ta rubuta cewa dole a yanke wurin a yi sabuwar walda kafin hunturu. Yanzu ga wurin sumul, an shafe shi da sabon fenti.

Ta goge fentin daga sama, ta fesa jan ruwan da take aiki da shi, ta jira, ta share, ta fesa farar hoda. Da akwai tsaga mai buɗaɗɗen baki, da ta tsotse jan ruwan ta dawo da shi a kan hodar kamar jini. Hodar ta tsaya fari fat.

Nan ne tsoro ya kama ta sosai. Tsagar da ake gani ana iya auna ta, a san ranar da za ta yi kisa. Wadda aka ɓoye kuwa tana nan tana tafiyarta, ba mai ganinta.

Ta ɗaga tocilar sama. Ƙananan na'urori goma sha biyu ta manna a haƙarƙarin jirgin, masu jin motsin ƙarfe su aika mata lambobi har ofishinta a birnin Split, can ƙetaren ruwa. Mutanen tsibirin Zmorac suna kiransu kunnuwan Dinka. Na bakwai shi ya fi kowa ƙorafi, sai ga shi mako uku yana shiru, kuma shirun ne ya taso ta. Ta same shi an ɓamɓare shi daga kan waldar, an sake manna shi da kyau a ƙafar kantar kayan aiki, inda ba abin da zai ji sai barci.

Ta fito ta ɗaure wa jirgin jan kati a ƙofa: ba zai tashi ba.

* * *

Kafin azahar labari ya gama tsibirin, wanda dama ba shi da girman da labari zai gaji. Ranar Lahadi ce bikin waliyyin garin, 'yan ƙasa da ke Split da Zagreb har da Jamus duk za su dawo gida, kuma Lastavica ce ke ɗaukar mutum ɗari da tamanin a tashi ɗaya. Dinka a nan aka haife ta, amma da ta bi ta gaban shagon kofi sai hira ta mutu, tsofaffi suka dinga juya cokali a kofunan da ba sauran sukari a cikinsu.

Mutum ɗaya ce ta yi mata magana, Nevenka, 'yar kawunta, kyaftin ɗin Galebica, ƙaramin jirgin ƙungiyar jiragen tsibirin.

"Ke dai kin iya zuwa gida, 'yar'uwa. Wasu da tsaraba suke zuwa, ke da kwaɗo."

"Wani ya taɓa min jirgi, Nevenka."

"Na ji. Yanzu ni zan zama jakin kowa, sawu uku a yini har Lahadi. In bayana ya karye ke za ki min tausa." Ta yi dariya, amma ta rage murya. "Ki bi a hankali. Rabin garin nan suna da hannun jari a jirgin can, sauran rabin kuma surukansu ne."

'Yan sanda sun ce sai Litinin za su ƙetaro. Jerko Matulić, manajan ƙungiyar jiragen, ya riga ya buga waya yana neman a turo wani mai dubawa ranar Asabar da yamma. Wancan zai fesa jan ruwa, ya ga fari, ya sa hannu. Dinka ta san haka, domin ita ma da ba ta san wurin ba abin da za ta yi ke nan. Kwana biyu take da su ta nuna tsagar da wanda ya ɓoye ta, in ba haka ba jirgin ya tashi cike da mutane.

* * *

Jerko, wanda ake girmamawa da Šjor, wato malam, shi ta fara samu, ranar Juma'a da safe. Mutum ne mai son a gan shi da takardu a hannu, ko da na ƙunshe kifi ne.

"Wa ke da makullin ɗakin inji?"

"Ni, da Lovre makaniki. Akwai kuma wanda ke rataye a bayan ƙofar rumfar gyara tun zamanin kakanki."

"Wato kowa."

"Ke kika faɗa."

"Šjor Jerko, a watan Yuni na rubuto maka cewa a gyara haƙarƙari na sha huɗu. Me ka yi da takardar?"

"Na karanta ta a taron ƙungiya, da babbar murya, kowa ya ji. Muka ce bayan biki." Ya share goshi. "Kin san abin da ake nufi a ajiye jirgi mako uku a tsakiyar bazara?"

"Ka san na bakwai ya yi shiru?"

Ya kalli taga. Akwai allo a ofishinsa da ke nuna lambobin nan, ba zai ce bai gani ba.

"Na gani. Na ce ko abin ya lafa da kansa. Na ji daɗi, shi ke nan laifina. Amma ki dubi hannun nan nawa, Dinka. Matata ba ta bari na in canza ƙwan lantarki."

Ta duba. Hannu ne mai laushi, ga zobe ya nutse a yatsa. Ga kuma tumbin da ba zai wuce ramin haƙarƙari na tara ba, balle na sha huɗu. Jerko na iya sa wani, amma shi bai shiga ba. Ta fita tana jin haushinsa fiye da yadda ta shigo.

* * *

Lovre Kuzmanić tana isa ya ajiye sifana, ya naɗe hannu a ƙirji. Shekararsa hamsin, ya yi tuƙin manyan jiragen dakon mai kafin ya dawo gida, kuma bai taɓa yarda cewa wata na'ura mai girman farce ta fi kunnensa jin ciwon inji ba. A takalminsa akwai ɗigon fenti ruwan toka, irin na tumbin Lastavica.

"Fentin nan fa, Lovre?"

"Fenti ne. An hana?"

"Kai ka shafa a na sha huɗu?"

"Ni na shafa. Na same shi ba fenti, ƙarfe tsirara, gishiri zai ci shi. Na ce mutanenki na Split ne suka zo suka yi gyara ba su gaya wa kowa ba, kamar yadda kuka saba."

"Yaushe?"

"Mako uku. Ranar da aka ɗaga ta a kan tudu don wanke gindinta."

"Ba ka tambayi kowa ba?"

"Wa zan tambaya? Ke kina amsa waya?" Ya matso, ya nuna ta da yatsa mai baƙin mai. "Ki saurare ni. In da ni zan ɓoye miki tsaga, walda zan zuba a kai in gurje, minti goma, ko kakarki ba za ta gane ba. Abin da na tarar ba walda ba ne. Wani abu ne mai kyau, kamar ɗinkin hannu. Har na tsaya ina kallo."

"Ɗinki kamar yaya?"

"Je ki cire fentin duka mana. Ke ce mai bin sawu, ni makaniki ne."

Ta so ya zama shi ne. Lovre ba ya da kowa a tsibirin sai kyanwa, kuma da sunansa ta rubuta ba wanda zai daina gaishe ta. Ta ji kunyar wannan tunani, ta wuce abinta. A hanya ta lura iska ta fara juyawa daga kudu, irin wadda suke kira jugo, mai sa kai ciwo da teku kumburi.

* * *

Asabar da hantsi ta koma ramin da ruwan cire fenti da gilashin ƙara girma. Ta wanke wurin har ƙarfen ya fito, ta kwantar da tocila a gefe yadda haske zai bi ta kwance.

Sai ta ga ɗinkin. Ƙananan tabo ne a jere, a gefe biyu na inda tsagar take, kowanne da faɗin bakin kurfi. Wani ya bi leɓunan tsagar ya daddake su a hankali har suka haɗu suka rufe. Shi ya sa jan ruwa bai sami hanyar shiga ba. Ta ɗiga ruwan asid kaɗan ta goge, sai wani siririn layi ya bayyana a tsakiya, ja-ja mai ratsin kore. Kafin a rufe bakin an cusa wayar jan ƙarfe a ciki.

Jan ƙarfe da alminiyum ba sa zama wuri ɗaya cikin ruwan gishiri, ɗayan cin ɗayan yake kamar gara. An rufe tsagar daga waje, an ajiye mata abinci a ciki.

Ta sa yatsa ta bi tabon. Uku marasa zurfi, ɗaya mai zurfi. Uku, ɗaya. Daga dama zuwa hagu, aikin bahago. Ta bi su har ƙarshe, ta sake dawowa, tana fatan lissafin ya karye a wani wuri, bai karye ba. Wannan bugu ta san shi kafin ta san karatu. Shi ke tashinta daga barci kowace safiya a gidan kakarta, daga rumfar gyaran kwale-kwale da ke ƙasan taga.

Ta kifa goshinta a ƙarfen mai sanyi, ta yi kuka kaɗan, sannan ta ɗauki hoto.

* * *

Da tsakar rana ta tara su a rumfar gyara: Jerko da takardunsa, Lovre, dattawa uku na ƙungiya, da kawunta Frane, mahaifin Nevenka, wanda kowa ke kira Barba, wato kawu. Shi ba kiransa aka yi ba, nan ne wurin zamansa. Shekararsa saba'in da tara, shi ne kalafat na ƙarshe a tsibirin, mai toshe gaɓoɓin jiragen katako da zare da kwalta. Tun da aka daina ƙera na katako yake zuwa kullum ya zauna a kan kifaffen bokiti, yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Iska na girgiza kwanon rufin.

"Šjor Jerko bai shiga ramin ba," in ji Dinka. "Ya ga alama ya kau da kai, wannan tsakaninsa da hukuma. Lovre ya yi fenti a kan abin da bai tambayi asalinsa ba."

"To wa ke nan?" in ji ɗaya daga cikin dattawan. "Ki faɗa mu san wanda ya jawo mana wannan abin kunya."

Ta ɗauko guntun katako da kurfi da gudumar itace daga kan benci, ta kai gaban tsohon.

"Barba, nuna musu yadda ake rufe gaɓa. Na manta."

"Kin manta? Kai, karatun boko." Ya karɓi gudumar da hannun hagu, fuskarsa ta washe. Ya fara bugu: uku a hankali, ɗaya da ƙarfi. Ta ajiye wayarta kusa da katakon, hoton a buɗe. Lovre ya leƙa, ya kalli katakon, ya cire hularsa.

"Barba," ta ce, "kai ka taɓa na sha huɗu?"

"Ni mana. Wa kuma zai iya?" Ko ɗar bai yi ba. "Ina zaune a taro aka karanta takardarki, wai jirgi ya tsage, wai sai bayan biki. Jirgi ya buɗe baki a ce sai bayan biki? Ranar da aka ɗaga ta na shiga na rufe. Awa huɗu a durƙushe, gwiwata har yau ba ta yafe min ba. Kunnenki ma ya tare min hanya, na matsar da shi gefe, ban ji masa ciwo ba."

"Wayar da ka cusa a ciki fa?"

"Jan ƙarfe ce, mai kyau. Ba ta tsatsa. Shekara sittin ina kafa ƙusoshinta a jirage, ba wanda ya nutse."

"A katako, Barba. Katako yana shan ruwa ya kumbura ya matse abin da ka sa masa. Ƙarfe ba ya kumbura. Gajiya yake yi. Ka rufe bakin, amma tsagar na nan tana tafiya ta ciki, kuma wayarka na cin jikin jirgin."

Ya kalle ta, ya kalli Lovre. Lovre ya gyaɗa kai a hankali. Tsohon ya yi wata 'yar dariya ta rashin yarda.

"Haba, 'yar ƙanwata. Da haka ne da Galebica ta nuna tuni. Ita tun Fabrairu na yi mata, har yau ko ɗigo."

Galebica ita ma ta alminiyum ce, amma ba ta da kunnuwa, ƙungiyar ta ce babban jirgi kawai za ta iya sa wa. Sau ɗaya a shekara ake duba ta da jan ruwa, kuma Dinka da hannunta ta duba ta a watan Maris. Tsohon jirgi mai shekara ashirin da biyu, ya fito fari fat. Har ta yaba wa Nevenka.

"Wuri nawa, Barba?"

"Uku. Jirgin 'yata ne, zan bar shi da tsaga?"

Ta juya ga Jerko. "Ina take yanzu?"

Takardun suka zube daga hannunsa. "Ta taso daga Split ƙarfe sha ɗaya. Mutum casa'in da huɗu. Na ce mata ta taka wuta ta riga iskar."

* * *

Suka ruga ofishin tasha, Lovre na riƙe da tsohon a kafaɗa. Daga taga ana ganin teku ta yi toka, kawunan taguwa sun yi fari. Dinka ta fizgi oba-oba.

"Galebica, Galebica, Dinka ce. Nevenka, rage gudu yanzu. Sauke shi ƙasa, kar ki bari ta dinga faɗowa a kan taguwa."

Ƙarar iska ta cika na'urar, sannan muryar Nevenka ta fito. "Ke kuma? Kin ɗaure babba, yanzu ƙarama kike so?"

"Ba wasa nake ba. Akwai tsaga uku a jikin jirginki da aka rufe da guduma. Ki sa kowa rigar ruwa. Lovre na kiran masu ceto."

Da Nevenka ta amsa babu sauran zolaya a muryarta. "Na rage. Famfon hagu yana aiki tun da muka wuce hasumiyar fitilar jirage, na ɗauka ruwan sama ne. Wa ya rufe su?"

Dinka ta miƙa wa tsohon oba-obar. Ya riƙe ta da hannu biyu, kamar za ta ƙone shi.

"Nena, ni ne."

"Baba?" Ta ja numfashi. "To. Ba komai, Baba. Gaya min inda suke, in tura a tokare su da katako."

"Ɗaya a hagu, ƙarƙashin tankin mai, haƙarƙari na shida. Na biyu a baya, inda ƙafar inji ta zauna."

"Na rubuta. Na uku fa?"

Wurin ya ɓace masa. Wata bakwai ke nan, kuma shi mutum ne da yanzu yakan nemi tabaransa alhali suna kan hancinsa. Ya dubi Dinka da idon da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba, idon mai neman a taimake shi. Ba ta da abin ba shi. Ita ce ta bi jirgin nan taku-taku a watan Maris ta ce lafiya lau.

"Baba, ina jin ka. Na uku."

"Ina zuwa, 'yata. Ina zuwa."

Ya ajiye na'urar, ya rufe ido. Sai ya durƙusa a daɓen ofishin, a gaban kowa, ya karkata kafaɗa kamar mai shiga matsatsen rami. Hannunsa na dama ya miƙe gaba yana lalube, na hagu ya ɗaga sama riƙe da gudumar da babu. Ya ƙara sunkuyawa, ya juya kai gefe yana kauce wa wani bututu da shi kaɗai ke gani.

"A gaba ne," ya ce da ƙyar. "Can ƙuryar hanci, bayan akwatin sarƙa, ƙasa da layin ruwa. Sai an kwanta a kan cinyar dama."

Dinka ta maimaita wa Nevenka kalma bayan kalma. Hanci shi ne inda kowace taguwa ke fara sauka. Suka ji ta tana ba wani umarni, suka ji takun gudu a kan ƙarfe, da kukan jariri daga nesa. Minti huɗu suka wuce. Jerko na ta motsa leɓe yana addu'a, tsohon kuma bai tashi daga durƙuson ba.

"An gan ta," in ji Nevenka. "Ta wuce ɗinkin da tsawon hannu, ruwa na fesowa. Muna tokarewa. Zan juya bayanta ga iska in bi ta bayan tsibiri, awa biyu in ta riƙe." Sannan ta ƙara, a hankali: "Dinka, ki fitar da shi daga ofishin nan. Kar ya ji sauran."

Dinka ta sunkuya ta kama hannunsa. Ya ƙi tashi.

"Ni na rufe ta," ya ce. "Ki bar ni in ji."

Ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta jawo oba-obar ta ajiye a tsakaninsu, ta ƙara mata murya.